Tambayoyin Masu Karatu: Horon Tallata Kaya ta Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni maɗinki ne a birnin Zariya, ina aikin babbar riga da ɗinkin hannu tare da yarana huɗu. Ciniki ya ja baya, sai ga wasu matasa suna tallar horon kwana uku kan sayar da kaya ta intanet, suna cewa duk wanda ya biya ya halarta cinikinsa zai ninka cikin wata guda. Shin in biya ko in haƙura?

Mai karatu daga Ƙofar Doka

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya albarka a sana'arka. Neman wannan ilimi ya dace da kai, domin ɗinkin Zazzau ya daɗe da yin suna, kuma akwai masu sonsa a Kano da Abuja da Legas waɗanda ba za su taɓa tako ƙofar shagonka ba. Abin da bai kwanta mini ba shi ne alkawarin ninka ciniki, saboda babu mai koyarwa na gaskiya da zai yanke maka ranar da kasuwa za ta buɗe.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka tambaye su ko za ka zo da wayarka da rigunanka a yi aikin a gabanka. Horon da zai amfane ka shi ne wanda za ka tashi daga cikinsa ka buɗe WhatsApp Business, manhajar da aka fitar a 2018 domin 'yan kasuwa kuma kyauta ce, ka jera hotunan kayanka da farashinsu a kundinta, ka kuma sa shagonka a taswirar Google yadda baƙon da ya sauka a unguwar Kwangila ta Zariya zai iya gano ka. Ya kamata a nuna maka yadda ake ɗaukar hoto da hasken safiya, a matso kusa har zaren ya fito, domin mai sayen babbar riga aikin allura yake dubawa kafin komai. Tallan da ake biya wa kuɗi a Facebook da Instagram kuwa ka jinkirta shi, sai ka iya zaɓar garin da kake so a gani da kuma iyakance abin da za a cire maka kullum.

Akwai kuma hanyoyi masu sauƙi. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa da dokar 2003 domin bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, takan shirya horo, haka ma hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa ta zamani, sai dai ka riƙa bibiyar sanarwarsu.

Abin da ya fi damuna, wanda masu horo da yawa ke tsallakewa, shi ne amana. Mutumin da bai san ka ba zai yi shakkar tura kuɗi, don haka ka yi wa sana'arka rajista da hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista, ka buɗe asusun banki da sunan shagon, ka kuma faɗi ranar gama aiki wadda za ka iya cikawa. Kai ma ka yi hattara da alat na bogi, wato saƙon ƙarya mai nuna an turo maka kuɗi: kada ka kai kaya tasha sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun shiga. Idan aiki ya yi maka yawa, ka ɗora wa ɗaya daga cikin yaranka alhakin amsa saƙonni a ranar da suka shigo, in kuma ka yanke shawarar zuwa horon, ku tafi tare da shi.