Tambaya da Amsa: Na sayi teleskop amma hayaƙi kawai nake gani

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka saka hoton nan na nebular Orion, wani girgije mai haske da ke cikin rukunin taurarin Orion a sararin samaniya, saƙonni suke ta shigowa, to na tsamo guda biyar da naga amsarsu zata amfani kowa, sauran kuma a yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min, na tara kuɗi na sayi teleskop na hannu, na nemo nebular Orion da kyar amma abin da nake gani kamar hayaƙi ne fari-fari babu jan nan da ake gani a hoto. Da na haɗa kyamarar yayana sai taurarin suka fito kamar an ja layi da alli. Ko dai an sayar min da mara kyau ne?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka teleskop ɗinka lafiyarsa ƙalau, kuma wannan hayaƙin da ka gani shi ne nebular, girgije ne na iskar gas da ƙura inda ake haifar sababbin taurari, hasken da ya shiga idonka a daren nan ya yi wajen shekara 1,350 yana tafiya kafin ya iso Zariya. Wallahi ni har yau idan na leƙa na ganshi sai naji tsigar jikina ta tashi. Abin da yasa baka ga kala ba, idon mutum idan haske ya yi ƙaranci baya rarrabe launi, ka gwada fita tsakar gida da daddare babu wata ka duba rigarka ja ce ko kore, duk toka-toka zaka gani. Sannan ido baya ajiya, abin da ya shiga yanzu ya wuce. Ita kuwa kyamara kamar bokiti ce da aka ajiye ƙarƙashin indararo ana yayyafi, in ka barta a buɗe tana ta tarawa har ya zama abin kirki.

Matsalar layin alli kuma daga juyawar duniya take. Sama tana gusawa digiri 15 duk awa ɗaya, teleskop kuma yadda yake ƙara girman tauraro haka yake ƙara girman gudun, idan tsawon hangensa ya kai milimita 1000 ko rabin sakan bazaka yi ba tauraron ya ja wutsiya. Shi yasa masu wannan harka suke cewa kuɗinka ka zuba a mazaunin da ke ɗauke da kyamara kafin ka zuba a gilashi. Akwai ƙananan injina masu bin sama da ake kira tiraka, irin su Sky-Watcher Star Adventurer da iOptron SkyGuider Pro, kana saita ƙarfen tsakiyarsu ya kalli tauraron arewa Polaris sai su dinga juyawa a hankali daidai da juyawar duniya. Mu a nan Polaris ƙasa-ƙasa yake, a Kano digiri 12 ne daga ƙasa, wato in ka miƙa hannunka ka dunƙule, dunƙule ɗaya da ɗan ɗoriya, a Agadez ne yake ɗan ɗagawa zuwa 17. Don haka katanga ko bishiyar darbejiya ta isa ta tare maka shi, sai ka nemi wurin da arewa take a buɗe.

Amma shawarata a yanzu, ka ajiye teleskop ɗin don kallon wata da ido, ka ɗauki kyamarar yayanka da lens ɗin da ke jikinta ka ɗora kan ƙafa uku. In lens ɗin milimita 50 ne ka bar kyamarar a buɗe sakan 4 ko 5, in 135 ne kar ka wuce sakan 1 zuwa 2, ka buɗe lens ɗin sosai, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, 1600 ko 3200, ka sa ta ajiye a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara bata gyara ba, ba JPEG ba. Fokos da hannu ake yi, ka zuƙo tauraro mai haske a sikirin kana murzawa har ya zama ɗan ɗigo mafi ƙanƙanta. Sai ka ɗauki hoto ɗari uku ko fiye, duk bayan 'yan mintuna ka gyara saiti don Orion yana zamewa yamma. Kowane ɗaya in ka kalla zai baka haushi, duhu ne da yashi-yashi. Sai ka zuba su a kwamfuta cikin manhajar Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne, su ɗora su kan juna. Hasken nebula yana nan a wuri ɗaya a kowane hoto shi kuma yashin yana canza wuri, to in an tara sai nebula ta yi ƙarfi yashin ya lafa. Lissafin dai shi ne in ka ninka yawan hotuna sau huɗu tsaftar hoton sau biyu take ƙaruwa, shi yasa aikin ke cin lokaci. Mutum na farko da ya ɗauki hoton wannan nebular wani likita ne a Amurka, Henry Draper, ranar 30 ga Satumba 1880, ya bar farantin hotonsa a buɗe wajen minti 50, kuma abin da zaka samu da kyamarar yayanka a tsakar gida sai ya fi nasa fitowa nesa ba kusa ba.

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Damagaram: Yaya ina wuni. Ni dai gaskiya ina shakkar hotunan nan, ja da shuɗi da kore kamar atamfa. Ba fenti ake musu a kwamfuta ba kuwa?

Lafiya lau ƙanwata, kuma naji daɗin tambayar nan don mutane da yawa suna da ita a rai basu furta ba. Amsar kashi biyu ce. Jan da kike gani na gaske ne. Mafi yawan abin da ke cikin nebula iskar haidurojin ce, idan hasken manyan taurari masu zafi ya doke ta sai ta fitar da wani jan haske nata na kanta mai tsawon zango nanomita 656, iskar oksijin kuma tana bada kore mai sirkin shuɗi a wajen 500. Shuɗin da ke kewaye da taurarin Kaza da 'Ya'yanta kuwa ƙura ce take mayar da hasken taurarin. Abin da muke yi a kwamfuta shi ne jawo hasken da ya riga ya shiga kyamara amma ya ɓuya a duhu, kamar kin ƙara murya a rediyo, maganar tana nan dama.

Kashi na biyu, akwai hotunan da aka sauya wa kala da gangan kuma masu su basa ɓoyewa. Shahararren hoton ginshiƙan nan na nebular Eagle da teleskop ɗin Hubble ya ɗauka a 1995, da filta uku aka ɗauke shi, aka ba hasken salfa ja, haidurojin kore, oksijin shuɗi, saboda salfa da haidurojin duk ja ne a zahiri in aka barsu haka baza a gane wanne ne wanne ba. Ni banga laifin wannan ba matuƙar an faɗa. Wanda nake ƙi har raina shi ne mutum ya sa manhaja ta ƙirƙiro masa zane-zanen da kyamararsa bata gani ba ya ce shi ya ɗauka, wannan ƙarya ce, kuma yana karya gwiwar yaran da suka kwana a waje suka samo ɗan hotonsu na halak.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Katsina: Malam wane lokaci ne ya fi dacewa? Na fita a Janairu sama babu gajimare ko ɗaya amma hoton ya fito ja-ja kamar ƙasa.

Malam ai hazo ne ya yi maka haka, kuma wannan ita ce jarrabawar da muke sha a ƙasar Hausa. Orion yana tsayawa tsaf da farkon dare daga Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da hunturu ke kwaso ƙurar Sahara. Ƙurar tana shanye hasken nebula sannan tana mayar da hasken fitilun gari cikin lens ɗinka. Na taɓa kwashe awa uku cikin sanyi a bayan gari ina murna, na dawo gida na tarar duk aikin ya tafi a banza. Tun daga nan nake duba rana da la'asar, in ta zama fara fat kamar faranti tun bata kusa faɗuwa ba to ranar na haƙura. A gwajin da na yi, sama ta fi tsafta daga ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya wanke iska hazo bai sauka ba tukuna, sai dai a lokacin Orion sai tsakar dare yake hawa sosai, ka yi barci da wuri ka tashi ƙarfe biyu ka yi aiki har kiran assalatu. A cikin hunturun ma akan samu daren da iska ta kwanta, irin wannan kar ka bari ya wuce, kuma ka jira Orion ya hau can sama don ƙurar tafi kauri a gefe-gefe. Mu ya kan hau mana fiye da digiri 70, abin da Turawan Ingila basa samu.

Sai maganar wata, wanda mu bama buƙatar manhaja a kai tunda muna bin lissafin watan Musulunci. Daga wajen 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabo, nan ne duhu yake. Daren sha huɗu farin wata yana shafe nebula tas.

Bari in ƙara maka abin da baka tambaya ba don ina so mutanenmu su san falalar da Allah ya yi mana. Kusancinmu da tsakiyar duniya ya sa muna ganin samaniyar arewa da babban yanki na ta kudu. Nebular Carina, wadda tafi ta Orion girma, nisanta tafiyar haske ta wajen shekara 7,500, mutumin Landan bazai taɓa ganinta daga gidansa ba don bata fito masa sam, mu kuwa tana ɗagowa wajen digiri 17 zuwa 18 ta kudu da daddare a Maris da Afrilu. Tana ƙasa, sai ka dace da dare mai tsafta, amma tana nan. Da damina kuma in aka yi ruwa gari ya washe ka nemi nebular Lagoon wato M8 ta wajen kudu. Manhajar Stellarium zata nuna maka inda kowacce take. In zaka fita bayan gari neman duhu dan Allah kar ka tafi kai kaɗai, ka sanar da mai unguwa ko 'yan sintirin wurin tun da rana ka nuna musu kayan, mutum da dogon bututu kan ƙafa uku cikin dare a halin da ake ciki yanzu ana iya yi masa mummunar fahimta. In hanya bata da tabbas soron gidanku ya fiye maka.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kumasi: Alhaji ni bani da lokacin zaman kwamfuta, naji ana maganar Seestar, ya kake gani?

Alhaji in da hali ka saya. ZWO Seestar S50, ƙaramar teleskop ce mai kyamara a jikinta, ta fito a 2023 a kan wajen dala 500, gilashinta milimita 50 ne, da wayarka kake sarrafa ta, ita zata nemo nebular ta bita tana ɗaukar hoton sakan 10-10 tana tarawa kana kallo yana fitowa, kuma tana da filta a ciki mai rage hasken gari, abin da zai maka amfani a Kumasi. Wasu tsofaffin hannu suna raina ta wai ta sauƙaƙa abin da yawa, ni ban yarda da su ba, duk abin da zai sa magidanci ya zauna a tsakar gida da 'ya'yansa suna kallon ikon Allah ina goyon bayansa. Iyakarta dai baka canza mata lens ko kyamara.

Tambaya daga wani mai ɗaukar hoton biki a Jos: Oga na tara hotunan kamar yadda aka ce, nebular ta fito amma akwai wasu zobba baƙaƙe, gefen hoton ya yi duhu, tsakiyar Orion kuma ta ƙone fari fat.

Madalla abokina, ka yi nisa tunda har ka kai ga wannan matsalar. Zobban nan ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, duhun gefe kuma halin lens ne, maganinsu ɗaya, hotunan da ake kira filat. Kana gama aiki kar ka taɓa fokos kar ka cire lens, ka rufa masa farar riga mai tsafta ka haska da farin sikirin ko ka kalli sama da asuba, ka ɗauki guda 20 zuwa 30 masu matsakaicin haske, Siril zata yi amfani da su ta goge zobban. Ka kuma rufe lens da murfinsa ka ɗauki wasu 20 da saiti iri ɗaya da na nebular a wurin kafin kyamara ta canza ɗumi, su ne zasu cire jajaye da korayen ɗige-ɗigen da zafin sensa ke haifarwa. Canza lens kuwa a ɗaki ake yi lokacin hunturu, kuma ƙurar a hure ta da 'yar robar hura iska, goge ta da riga yana karce gilashi.

Ƙonewar tsakiya kuma kowa ya sha ta a Orion, akwai taurari huɗu matasa masu tsananin haske a cikinta da ake kira Trapezium, su ke haska girgijen duka. In kana da tiraka ka ɗauki dogaye na sakan 60 don gefe-gefe, ka ƙara gajeru na sakan 3 zuwa 5 don tsakiyar, ka tara kowane rukuni daban sannan ka haɗa su a manhajar gyaran hoto ta GIMP. Tunda kai mai hoton biki ne ka san yadda ake yi da farar shaddar ango a rana, kusan haka ne. In ka gyara ka turo mana mu saka a fitowa ta gaba, ka rubuta lens ɗin da sakan nawa da adadin hotunan da ka tara.