Hajiya za ta zo Abuja a jirgin ƙasa: Kubwa zan tarye ta ko Idu?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekarata 4 ina zaune a Dutsen Alhaji, nan Abuja, mahaifiyata ba ta taɓa ganin inda nake ba. Yanzu ta yarda za ta zo daga Tudun Wadan Kaduna ranar Juma'a ta koma Lahadi, ita da ƙanwata da 'ya'yanta uku, babban shekararsa 9, ƙaramar ana goyonta. Ba ni da mota. Hajiya na fama da ciwon gwiwa, kuma tun harin da aka kai wa jirgi, da an ambace shi sai gabanta ya faɗi. Jirgin ya fi musu ko mota? A wace tasha zan tarye su? Yaran kuma sun kafe sai sun hau jirgin cikin gari sun ga Abuja. Yaya zan tsara abin kada albashin wata ya tafi a kwana uku?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya sa ka gama da ita lafiya. Na daɗe ina shirya wa mutane tafiya a wannan layi, ni ma da wuya wata ya wuce ban bi shi ba. Abin da na lura shi ne, zaman cikin jirgi ba ya ba kowa wahala. Inda ake jigata shi ne daga ƙofar gida zuwa tasha, da daga tasha zuwa ƙofar gida, sai kuma tikitin komawa ranar Lahadi. A nan za ka sa hankalinka da kuɗinka.

Su hau jirgin. Mai ciwon gwiwa da mai goyo ba su da abin da ya fi shi. Daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa Idu kilomita 186 ne, ana cinye su a awa 2 zuwa 3, gwargwadon gudun da aka ba jirgi a lokacin. Kowa da kujerarsa mai lamba, akwai banɗaki, Hajiya za ta iya miƙewa ta ɗan taka in ƙafa ta sage. A motar haya kuwa mutum huɗu ake cusawa a baya, ga titin da aka shafe shekaru ana gyaransa, wani wurin hannu ɗaya ake bi tare da tireloli.

Tsoron Hajiya kuma kada ka yi masa dariya, yana da tushe. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin yamma hari a yankin Katari, aka rasa rayuka, aka kwashe fasinjoji, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka dawo gida. Jirgin bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba na wannan shekara. Da ya dawo an soke tafiyar dare, an rage yawan zirga-zirga, an ƙara jami'an tsaro a ciki, an kuma ɗaura tikiti a kan lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. A Agustan 2025 ma jirgi ya sauka daga layi a kusa da tashar Asham, aka dakatar da shi na makonni. Ka faɗa mata duk wannan yadda yake, ka kuma faɗa mata cewa na safe za su bi, da rana tsaka za su iso. Tsofaffi sun fi natsuwa da gaskiya a kan lallashi.

Yanzu maganar tasha. Kubwa za ka tarye su, ba Idu ba. Mutane da yawa suna ɗauka tunda Idu ce babbar tashar Abuja, can ya kamata a sauka. Idu tana can gefe a unguwar masana'antu, ba a cikin gari ba, ba kuma kusa da kai ba. Jirgin da ya taso daga Kaduna sai ya tsaya a Kubwa kafin ya ƙarasa Idu, tsakaninsu kamar minti 20. Kai da kake Dutsen Alhaji, Kubwa maƙwabciyarka ce. In suka zarce zuwa Idu, kuɗin motar da za ta dawo da su baya zai iya kamo kuɗin tikiti.

Ni na san zafin wannan. Wata shekara ina zaune a Kubwa gwaggona ta zo, na ce mata a waya, “Gwaggo, ki yi zamanki sai jirgi ya tsaya kowa ya sauka.” Ni nufina kada ta ruɗe a ƙananan tashoshin hanya. Ita kuwa ta riƙe maganata gam. Ina tsaye a Kubwa ina leƙen fuskoki, ashe tana zaune a jikin taga da ƙullin daddawarta a cinya, tana kallon mutane suna sauka, ba ta motsa ba. Sai da na ɗauki shatar mota har Idu na same ta a kan benci, ta ce ai ita umarni ta bi. Laifina ne, ba na kowa ba.

Saboda haka ka yi wa ƙanwarka bayani dalla-dalla tun kafin su taso, don akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa a hanya, ba lallai ka same ta a waya ba. Ga wani tarko da ya shafe ka kai musamman: a kan layin akwai wata ƙaramar tasha mai suna Dutse, tsakanin Kakau da Rijana, a cikin jihar Kaduna. Ba Dutsenka ba ce. Kada Hajiya ta ga allo ta ce an iso gidan ɗanta. Su bari a wuce Rijana, a wuce Jere, sannan su fara tattara kaya, a ɗaura goyo, a sa wa yara takalma. Tsayuwar Kubwa 'yan mintuna ce, ba a jiran mai neman silifas a ƙarƙashin kujera. Ƙanwarka ta fara sauko da yara, sannan a riƙo Hajiya, in da hali a roƙi wani ma'aikaci ko wani saurayi a taragon ya taimaka da jaka.

Tikiti. Tun Janairun 2021 ake sayar da shi ta intanet, ana kuma samu a tasha, amma kada ka dogara da na tasha ranar Juma'a ko Lahadi. Waɗannan ranaku biyu su ne na ma'aikatan da iyalinsu ke Kaduna. Sa'arka ɗaya: ranar Juma'a yawancin mutane Abuja suke bari, su kuma baƙinka shigowa za su yi, ranar Lahadi ma akasin haka. Duk da haka taragon da zai ɗauki mutum huɗu a jere ba ya jira. Ba a buɗe sayarwa da nisa, sai tafiya ta matso, don haka ka riƙa leƙa shafin, da an buɗe ka saya. Kai za ka saya musu daga nan, ka tura wa ƙanwarka, ita kuma ta ɗauki hoton tikitin ta ajiye a waya, don kada a zo bakin ƙofa data ta ƙi. Ka karɓi lambar NIN ta Hajiya da ta ƙanwarka tun yau, su kuma taho da katin shaidarsu. Sunan da ke kan tikiti shi ne na kan kati, ba “Hajiya Babba” da kuke kiranta a gida ba. In wani ya tare su a bakin tasha ya ce yana da tikiti a hannu, su wuce shi. Wanda ya saya da sunan wani yana iya biyan ninki biyu kuma a hana shi shiga.

Kujera iri-iri ce, akwai ta gama-gari, akwai ta manya mai faɗi. In aljihu zai ɗauka, ba laifi, amma ban ba ka shawarar raba Hajiya da jikokinta a tarago daban ba. Gara duk su zauna a ta gama-gari wuri ɗaya. Sanyin na'ura yana da ƙarfi a ciki, a taho wa jaririya da rigar sanyi, Hajiya da mayafi mai kauri.

Can Kaduna kuma wani ya raka su. Rigasa ba nan kusa ba ce daga Tudun Wada, sai an bi ta Bakin Ruwa an miƙe har ƙarshen gari, hanyar kuma cike take da keke da 'yan makaranta da safe. Su kasance a tasha awa ɗaya kafin lokaci, akwai layin binciken kaya, akwai na tantance tikiti, jirgi kuma ba motar tasha ba ne da ake cewa direba ya dakata ga Hajiya nan tafe. Ka kuma yi mata magana a kan tsaraba, cikin ladabi. Na san ba za ta zo gidan ɗanta hannu rabbana ba. Kuka da kuɓewa da yaji da daddawa duk jaka ɗaya ta ɗauke su. Buhun masara da jarkar man gyaɗa a ba direban mota ya kawo maka daban.

Daga tashar Kubwa zuwa gida ka ɗauki shata, ko ka kira mota ta manhaja irin Bolt. Kada ka ce za ka yi tsimi a nan. Ku shida ne har da kai, ga kaya. In ka lissafa kuɗin keke zuwa bakin titi, da na mota zuwa mahaɗar Dutse, da wani keken zuwa ƙofar gida, kowanne sau biyar, za ka ga ka kusa kamo kuɗin shata, ka kuma wahalar da tsohuwa a banza. Ka yi ciniki da direba tun kafin jirgi ya iso, don da fasinjoji sun fito farashi ke tashi.

Sai ranar Asabar, wadda ita ce ta yara. Jirgin cikin gari daban yake da na Kaduna. Na Kaduna na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, Shugaba Buhari ya buɗe shi a Yulin 2016. Na cikin gari yana ƙarƙashin hukumar Birnin Tarayya, an buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, sai 29 ga Mayu 2024 Shugaba Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, aka dawo da shi kyauta a lokacin. Tikitin wannan ba ya aiki a wancan. Layi biyu ne masu tashoshi 12, sun haɗu a Idu. Ɗaya ya taso daga tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa na Moshood Abiola da Kukwaba da Wupa, ya ƙarasa filin jirgin sama. Ɗayan ya taso daga Idu ya bi Gwagwa, Dei-Dei, Kagini, ya tsaya a Gbazango cikin Kubwa. Gbazango ce taku.

Amma ka ɗauke shi a matsayin abin nishaɗi, kada ka ɗora dukan yinin a kansa. Sawunsa kaɗan ne a rana, an tsara shi ne don ma'aikata, jadawalin ƙarshen mako kuma ba lallai ya zo ɗaya da na ranakun aiki ba. Ka je Gbazango da ƙafarka ranar Laraba ko Alhamis ka tambayi na Asabar, kafin ka yi wa yaro ɗan shekara 9 alkawarin da zai riƙe ka da shi har ya girma. In yana tafiya, ku hau da safe, ku sauya a Idu, ku sauka a tsakiyar birni. Daga nan mota ɗaya za ta kai ku Masallacin Ƙasa ku yi azahar, sannan lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003. Fili ne shimfiɗaɗɗe, akwai inuwa, ku tafi da tabarma da abincinku daga gida. Gidan zu na yara yana Asokoro a gindin dutsen Aso, amma wuri biyu sun isa yini ɗaya. Abuja gari ne mai tazara, abin da ka hango kamar nan da can sai ka taka ka gane. Babu acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, keke ma ba a barinsa a manyan titunan, don haka duk motsi kuɗin mota ne.

Ra'ayina, Hajiya ba sai ta bi ku wannan yawo ba. Tashoshin akwai hawa da sauka, sauyin Idu ma tafiya ce. Ita ba gine-gine ta zo gani ba. Ta zo ta ga ɗakinka, ta ga abin da kake ci, ta san maƙwabtanka. Ka bar ta ta huta da safe, da la'asar in tana da ƙarfi ka ɗauki mota ku je Ushafa, nan bayanku ta hanyar Bwari, ƙauyen masu ginin tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000, kusa da madatsar ruwa ta Usuma da ke shayar da birnin. Tukunyar ƙasa ɗaya da za ta koma da ita za ta fi mata daɗin labari a Tudun Wada.

Abu biyu ban yarda ka yi sassauci a kansu ba. Kada ku tare motar da ba ku sani ba a gefen titi, musamman bayan magariba. 'Yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi, da motoci masu kama da na haya suke aiki, har da mata a ciki don a saki jiki. Ku shiga a tasha, ko ta manhaja, ko direban da ka sani. Na biyu, babban titin Kubwa ba a tsallaka shi da yara a ƙasa, komai nisan gadar masu tafiya, ku hau ta.

Tikitin Lahadi ka saye shi da zarar an buɗe, kada ka bari sai an gama hirar daren Asabar. Ka duba da kyau cewa daga Kubwa ka sa za su hau, ka zaɓi na safe ko na rana, don su isa Rigasa da sauran haske, wanda zai tarye su yana tsaye. In aka wayi gari babu kujera, ko aka soke tafiyar, Zuba ce tashar mota mafi kusa da kai ta ɓangaren Kaduna. Ku je da sassafe, ka biya wa Hajiya kujerar gaba ita kaɗai, ka sayi layin baya gaba ɗaya don ƙanwarka da yara, ka karɓi lambar direba kafin motar ta tashi.