Giwaye sun cinye mana dawa, me zai hana mu harbe ɗaya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke gefen dajin Yankari ta ɓangaren Alkaleri. Bara giwaye suka shigo cikin dare suka tattake mana dawa da masara, sauran sati biyu mu yi girbi. Samarinmu sun ce bana in sun dawo a harbe ɗaya, sauran za su ji tsoro. Wannan zai yi magani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa, wallahi na san zafin abin, mutum ya yi wata huɗu yana wahala a tashi da safe a tarar da kara kwance. Amma don Allah ka hana samarin nan. Harbi ba zai tsare gonarku ba, ƙara jawo muku masifa zai yi.

Kaga garken giwa tsohuwar mace ce ke jan shi, ita ta san hanya, ta san inda ruwa yake, in aka kashe ta ko wata babba a cikinsu sai garken ya rikice ya rarrabu, maimakon ku yi fama da ayari ɗaya sai ku koma fama da biyu ko uku, kuma duk a fusace. Sannan bindigar toka da wuya ta kayar da giwa, rauni kawai za ta yi mata, to giwa mai rauni ita ce wadda ke bin mutum ta take shi. Ga kuma doka, kashe giwa laifi ne a Najeriya, cinikin haure ma tsakanin ƙasashe an haramta shi tun 1989. Ga asarar dawa ga ɗauri, ina riba?

Akwai abin da ke damuna ni kaina. Yankari tun 1956 aka keɓe shi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma garkensa na cikin manyan garken giwaye da suka rage mana a ƙasar nan. Giwa wata 22 take yi da ciki, sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Wadda aka kashe a dare ɗaya sai an yi shekaru kafin a samu madadinta.

To me ke fito da su? Da rani suna manne da kogin Gaji don can ruwa yake. Damina na sauka ruwa ya samu ko'ina sai su bazu, har zuwa lokacin da amfanin gona ya nuna, babba kuma tana iya cin kilo 150 a rana. Ke nan kun san watannin da za ku farka, daga fitar kai zuwa girbi.

Abin da ya fi aiki barkono ne. Ku daka mai zafi sosai, ku kwaɓa da kashin giwa ko na shanu, ku yi curi-curi kamar tubali ku shanya, da magariba a kunna ta gefen da iska za ta kai hayaƙin wajen daji. Hancin giwa ba ya jure shi. Wasu kuma suna haɗa barkonon da baƙin mai su shafa a igiya da tsumma su zagaye gona, sai dai in ruwa ya wanke sai an sake shafawa. A Kenya an gwada shingen amya, ana rataye amya jere a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar ƙudan zuma ya tashi, tsoronsa take sosai, ga zuma kuma ku sayar. Amma sai amyar na da ƙuda a ciki, wadda ba ƙuda a cikinta ba ta korar giwa sosai.

Kada ku tsaya kan dabara ɗaya, giwa na da wayo, in ta gane ƙarar gwangwani ba ta cizo za ta daina kulawa. Ku riƙa sauyawa, yau hayaƙi gobe tocila mai ƙarfi da ganga, kuma gadin ya zama na gari gaba ɗaya ana karɓa-karɓa, kada wani ya kwana shi kaɗai a gona, kada kuma a shiga tsakanin uwa da ɗanta.

Sannan ku je ta hannun mai unguwa ko dagaci ku karɓi lambar ma'aikatan gandun. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS na aiki da gwamnatin Bauchi a Yankari tun 2014, an ma saka wa wasu giwayen na'ura a wuya mai nuna inda suke. Da kun ga sawu ko sabon kashi kusa da gona ku kira su tun da rana, kada ku bari sai dare ya yi.