Furotin da Magungunan Ƙarin Ƙarfi ga Matasa Masu Gudun Dogon Zango

Tambayoyin wannan makon sun zo ne daga matasa masu gudun dogon zango da iyayensu, kuma ɗaya daga cikinsu ta tayar mini da hankali ƙwarai.

Tambaya: Likita, shekarata 16, nauyina kilo 55, ina atisayen gudun mita 5,000 sau biyar a mako. Furotin nawa nake bukata a rana?

Amsa: Matsayar da manyan ƙungiyoyin likitocin wasanni da masana abinci na Amurka da Kanada suka fitar a 2016 ita ce ɗan wasa ya ci giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Naka ke nan tsakanin giram 66 da 110, kuma kimanin 80 ya ishe ka. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin madara 8, kofin dafaffen wake kusan 15, giram 100 na dafaffen nama ko kifi kuwa 20 zuwa 30. Ka raba shi sau uku ko huɗu a yini, ɗaya daga ciki ya zamo bayan atisaye.

Tambaya: Gaskiya ne ɗanyen ƙwai ya fi dafaffe gina jiki?

Amsa: Ba gaskiya ba ne. Jiki yana amfana da kusan kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai, ga kuma haɗarin ƙwayar salmonela mai haddasa zazzaɓi da gudawa. Ka dafa shi.

Tambaya: Ɗana ya matsa mini in saya masa garin furotin irin na abokansa. Yana da illa?

Amsa: Malam, garin na ainihi furotin ɗin madara ne ko na waken soya da aka busar, kuma ba ya yin wani abin da abinci ba ya yi. Abin da nake tsoro shi ne abin da ba a rubuta a jikin gwangwanin ba. Ko a Amurka, dokar 1994 ba ta wajabta hukuma ta amince da irin waɗannan kayan kafin a kai su kasuwa ba. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya bincika samfura 634 na kayan ƙarin ƙarfi daga ƙasashe 13, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari suna ɗauke da sinadaran dangin sitiroyid waɗanda ba a ambata ba. Sitiroyid, wato sinadarin ƙara girman tsoka, yana iya tsayar da tsawon yaro tun bai gama girma ba, yana kuma taɓa hanta da zuciya. A ƙa'idar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan haramtattun ƙwayoyi a wasanni, ɗan wasa ne ke da alhakin duk abin da aka samu a fitsarinsa ko da bai san ya sha ba. Ka sayi abinci da kuɗin. Idan ya riga ya fara sha kuma ka ga idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu, ka kai shi asibiti tare da gwangwanin.

Tambaya: Kiriyatin fa?

Amsa: Kiriyatin wani sinadarin ƙarin ƙarfi ne da 'yan wasa suke sha. Masu ɗaga ƙarfe da masu gajeren tsere ya fi amfana, yana ƙara ruwa a tsoka, kuma ba na ba wanda bai kai shekara 18 ba shawarar shan sa.

Tambaya: Likita, 'yata shekararta 15, tana gudun mita 3,000. Mai horar da su ya ce sai ta rage nauyi za ta ƙara sauri, don haka ta daina cin duk wani abu mai sitaci, sai ƙwai da garin furotin. Wata biyar ke nan ba ta ga al'adarta ba, an ce mata haka masu gudu suke. Yanzu kuma ƙaurinta yana ciwo. Wane maganin ƙarin ƙarfi zan saya mata?

Amsa: Hajiya, kada ki saya mata komai, ki kai ta wurin likita cikin wannan makon, kuma ta dakatar da gudu har sai an duba ƙafar. Maganar nan cewa ɗaukewar al'ada alama ce ta ƙwarewa a gudu ta cutar da 'yan mata masu yawa, kuma ina so ki fahimci dalili.

Yarinya a wannan shekarun tana bukatar abinci don girma, don ayyukan jiki na yau da kullum, sannan don gudun. Idan abin da take ci ya kasa ɗaukar duka ukun, jiki yakan fara rufe ayyukan da yake ganin za su iya jira, kuma na farko a cikinsu shi ne na haihuwa. Ƙwaƙwalwa takan rage saƙon da take aika wa ƙwan mace, sinadarin istirojin ya faɗi, al'ada ta ɗauke. Wannan istirojin ɗin shi ne yake tsare ƙashi, kuma mafi yawan ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi kafin shekara 20 ake tara shi, saboda haka abin da ta rasa yanzu ba lallai ne ta maido da shi duka nan gaba ba. Ciwon ƙaurin nan yana iya zama tsagewar ƙashi irin wadda yawan duka ƙasa da ƙafa ke jawowa, kuma sau da yawa ba ta bayyana a hoton ƙashi na farko, don haka idan aka ce hoton lafiya lau amma ciwon yana nan, ki koma. A 2014 kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya raɗa wa wannan yanayi suna RED-S, wato ƙarancin kuzari a wasanni, ya kuma bayyana cewa yana kama samari ma.

Garin furotin ba zai cike giɓin ba, domin jikin da ke cikin yunwa ƙona furotin yake yi a madadin makamashi maimakon ya gina tsoka da shi. Sitacin da ta guje wa shi ne ainihin abin da mai dogon gudu yake ƙonawa, kuma mai atisayen awa ɗaya zuwa uku a kullum yana bukatar giram 6 zuwa 10 a kan kowane kilo. Likita zai bincika sauran abubuwan da ke ɗauke al'ada, ya auna jininta da ajiyar sinadarin ayon, wanda jiki yake bukata don haɗa jini. Kada a ba ta ƙwayar ayon kafin gwajin, domin idan ya yi yawa yana taruwa a hanta. Kada kuma ki yi mata faɗa, umarnin babba ta bi, mai horarwar ne ya kamata ki zauna da shi. Idan ta suma, ko zuciyarta tana bugawa ba daidai ba, ko kika gano tana amayar da abinci da gangan, ki kai ta a ranar. Ina sake roƙon ki, kada watan nan ya ƙare ba a duba ta ba.

Tambaya: Wani babba a ƙungiyarmu yana ba mu tiramadol da maganin ciwon jiki kafin tsere don kada mu ji gajiya. In ci gaba da sha?

Amsa: Ɗana, ka daina karɓa, kuma ka sanar da iyayenka yau. Raina yana ɓaci matuƙa da babban da zai miƙa wa yaro irin wannan ƙwayar. Tiramadol yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, yana jawo farfaɗiya da sarƙewar numfashi, kuma WADA ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairu, 2024. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da dikilofenak kuwa suna rage jinin da ke zuwa ƙoda a daidai lokacin da gumi ya ƙarar da ruwan jiki, suna kuma ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da kai. Idan ka daɗe kana shan tiramadol kullum, kada ka yanke shi farat ɗaya kai kaɗai, ka je likita ya rage maka a hankali. Idan kuma fitsarinka ya ragu ko ya koma kalar baƙin shayi bayan tsere, ka tafi asibiti nan take.