Yadda iyalin Bayahude ke gano danginsa da Yaƙin Duniya na Biyu ya raba

Ka tambaya ta ina jikan Bayahuden Poland zai fara neman danginsa da suka watse tun 1939. Ya fara da rumbun sunayen Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe da ke birnin Ƙudus; rumbun yana intanet tun 2004. A rumbun, kowace takardar shaida da wani ya cike kan mamaci tana ɗauke da sunan wanda ya cike ta, da adireshinsa, da dangantakarsu. Mai cikewar ne abin nema, don ya tsira, kuma wani lokaci ɗan'uwa ne da aka ɗauka ya mutu.

Daga nan sai ya tura tambaya rumbun tarihi na Arolsen a Jamus, inda ke da bayanan mutum kusan miliyan 17.5, har da katunan sansanonin 'yan gudun hijira. Kyauta ne.

Inda ake tuntuɓe shi ne suna. Lemberg, Lwów da Lviv gari ɗaya ne, kuma mutane da yawa sun canza suna a Isra'ila ko Amurka. A gwada kowane rubutu.

Gwajin DNA kuwa sai da hattara: Yahudawan Ashkenazi, wato na Gabashi da Tsakiyar Turai, sun daɗe suna aure a tsakaninsu, sai na'ura ta nuna ɗan'uwa na nesa tamkar na kusa.