Amsa kan duwatsun kudancin Maradi da guntayen tsoffin nahiyoyi

Salamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena da ya tambaya me ya lanƙwasa duwatsun wajen Maraka, a kudancin Maradi, da yadda ake gane guntun tsohuwar nahiya a cikinsu, ga abin da na sani. Na daɗe ina bin masu binciken ma'adinai daji, ni ke riƙe guduma da jakar samfur.

A cikin garin Maradi ba za ka ga komai ba, yashi da laka na babban kwarin da ake kira Iullemmeden sun binne dutsen tushe. Sai ka gangara kudu wajen iyakar Najeriya, a gindin ƙorama da rani, dutsen ke leƙowa da layi fari da baƙi a nannaɗe, kamar tabarmar da aka tura ta gefe biyu. Haka ɗin ne ya faru. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, tsohuwar dunƙulalliyar ƙasar Afirka ta Yamma, wadda ke fitowa a Liptako, yammacin Nijar, ta yi karo da ƙasashen gabas, tekun da ke tsakani ya rufe. Matsewar ta bar ɗamara tun daga duwatsun Hoggar na Aljeriya, ta bi Abzin, har Najeriya.

Ɗamarar nan rigar faci ce. A 1994 masana sun ƙirga guntaye 23 a yankin Buzaye, uku a Abzin: Asode, Barghot da Aouzegueur. Ka fara neman ɗinki. A Aouzegueur akwai ragowar ƙasan teku, koren dutse mai santsi kamar sabulu, to nan aka haɗa yadi biyu.

Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, na sha kunya a nan. Na taɓa ɗauko wani murɗaɗɗen dutse ina rantsuwa kakan duwatsu ne, sakamako ya dawo ya ce sa'an karon ne. Zirkon ake tambaya, ƙwaya ce ƴar mitsitsi a cikin dutse, yuraniyom ɗin cikinta na rikiɗewa dalma a hankali, da haka ake ƙirga shekarunta. Wani lokaci cibiyarta ta haura shekara biliyan 2, ɓawonta kuma miliyan 600. Ko haka ma kada ka yi gaggawa, kogi na iya kawo tsohuwar ƙwaya daga nesa. Sai ta fito da yawa daga jikin dutsen kansa, maƙwabcinsa na ƙetaren ɗinki kuma ya ba da wani tarihin dabam.

In za ka je, ka jiƙa dutsen da ruwa kafin ka ɗauki hoto, layukan sun fi fitowa.