Mai karatun sinadarai da binciken lafiya

Ƙanena, ka tambaya ko mai karatun sinadarai a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi zai iya shiga binciken lafiya. Sosai ma.

Ɗauki kwalara, wadda ta addabi Madarunfa a 2018. A 1854 likita John Snow ya zana taswirar mamatan wata unguwa a Landan, sai ga su sun taru kewaye da famfo guda. Taswira takan nuna inda cuta take, amma tace ruwa aikinku ne. Don yin tukunyar tace ruwa, ana cuɗa yumɓu da ɓuntun shinkafa a gasa, ɓuntun ya ƙone ya bar ƙananan kafofi, sannan a shafa ruwan azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta. Maginan tukwane muna da su a Maradi, masu auna girman kafofin ne ake nema.